Tsarin Iyali da Talaucin Matasan Iyaye Mata Marasa Aure a Amurka

A Amurka, cikin kowane jarirai goma da ake haifa, kusan huɗu iyayensu mata ba su da aure. A 1960 adadin kusan biyar cikin ɗari ne kawai. Alƙaluman hukumar ƙidaya ta ƙasar kuma sun daɗe suna nuna cewa gidan da uwa ke riƙe da 'ya'ya ita kaɗai shi ne kan gaba wajen talauci: kusan ɗaya cikin uku na irin waɗannan gidaje yana ƙasa da ma'aunin talauci na gwamnati, alhali a gidajen ma'aurata masu 'ya'ya abin bai kai ɗaya cikin goma ba. Daga haɗa waɗannan alƙaluma biyu aka samu wata fahimta da ta shafe shekara fiye da hamsin a bakin 'yan siyasa da masana, wato in an sauƙaƙa wa 'yan mata hanyoyin tsarin iyali za su jinkirta haihuwa, su gama makaranta, su sami aiki, talauci ya ragu. Akwai gaskiya a cikin maganar. Sai dai binciken da aka tara tun daga shekarun 1990 ya nuna ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Mutane da yawa in aka ce uwa marar aure, 'yar sakandare suke hangowa. A yau waɗanda ba su kai shekara 20 ba kusan ɗaya cikin goma ne kawai na masu haihuwa ba aure. Mafi yawa 'yan shekara ashirin da wani abu ne, waɗanda ba su yi karatun jami'a ba. Haihuwar 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 ta ragu matuƙa: a 1991 ana samun haihuwa kusan 62 cikin kowace dubu ɗaya daga cikinsu, a 2023 ta sauko zuwa 13. Rashin aure kuma ba ya nufin rashin namiji a gidan. Wani babban bincike na jami'o'in Princeton da Columbia, wanda ya bi sawun jarirai kusan 5,000 da aka haifa a manyan birane 20 tsakanin 1998 da 2000, ya tarar kusan rabin iyayen da ba su yi aure ba suna zaune tare a lokacin haihuwar, kuma da yawansu na cewa aure suke shirin yi. Kafin yaron ya cika shekara biyar mafi yawansu sun rabu. A ƙasar Hausa hanyar daban ce. A Nijar kusan uku cikin huɗu na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma binciken lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Arewa maso Yamma sun haihu ko suna da ciki, galibinsu a ɗakin miji. Yarinyar da ke riƙe da goyo ita kaɗai a can yawanci bazawara ce, saki ko mutuwar miji ya kai ta. Saboda haka darasin Amurka ba ya hawa kan Kano ko Maraɗi kai tsaye.

Samun maganin hana ɗaukar ciki ga wadda ba ta da aure sabon abu ne a Amurka. Hukumar kula da abinci da magunguna ta amince da ƙwayar farko a 1960, amma wasu jihohi suna da dokokin da suka haramta sayar da ita ko amfani da ita. A 1965 Kotun Ƙoli ta soke irin wannan doka ta jihar Connecticut, sai dai hukuncin ma'aurata kawai ya shafa. A 1967 aka kama wani ɗan fafutuka mai suna Bill Baird a Jami'ar Boston saboda ya miƙa wa wata ɗaliba marar aure maganin hana ciki a gaban taro, kuma shari'arsa ce ta kai ga hukuncin 1972 da ya bai wa marasa aure haƙƙi iri ɗaya. Kafin wannan, a 1970, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar Title X, wadda ta tanadi kuɗin tallafa wa asibitocin tsarin iyali na marasa ƙarfi.

Da yake jihohi ba su buɗe ƙofar a lokaci ɗaya ba, masana tattalin arziki sun sami damar kwatanta matan da suka samu ƙwayar da wuri da waɗanda suka same ta a makare. Claudia Goldin, wadda ta ci kyautar Nobel a 2023, da Lawrence Katz sun nuna a 2002 cewa samun ta tun da ƙuruciya ya sa mata sun jinkirta aure, sun shiga karatun likita da na lauya da yawa. Amma matan da suka duba 'yan jami'a ne, waɗanda dama suna da abin da suke jinkirta haihuwa dominsa. Binciken da ya fi kusa da talakawa shi ne na Martha Bailey da abokan aikinta, waɗanda suka duba ƙananan hukumomin da gwamnatin tarayya ta buɗe wa shirye-shiryen tsarin iyali tsakanin 1964 da 1973. Yaran da aka haifa bayan buɗe shirin, yiwuwar su tashi cikin talauci ta ragu da kusan kashi 7 cikin 100. Ragi ne na gaske, amma ba mai girgiza ƙasa ba, kuma irin wannan girman ne za a yi ta cin karo da shi a sauran binciken.

Halatta magani daban, isa gare shi daban. A 2011 kashi 45 cikin 100 na cikin da aka samu a Amurka ba a shirya masa ba, kuma matan da ke ƙasa da ma'aunin talauci sun ninka masu hali sau biyar wajen samun irin wannan ciki. Wani ɓangare na dalilin yana cikin nau'in maganin. Ƙwaya tana aiki sosai in ana shan ta kullum ba fashi, amma a yadda mutane ke shan ta a zahiri, kusan mata bakwai cikin ɗari kan ɗauki ciki a shekara guda. Na kwaroron roba ya kai goma sha uku. Ashanar da ake sawa a damtse da robar mahaifa kuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari, domin da zarar an sa su babu sauran abin tunawa har shekara uku ko fiye. Matsalar ita ce kuɗinsu a dunƙule yake, daga ɗaruruwan daloli har ya haura dubu ga wadda ba ta da inshora, ƙananan asibitoci da yawa kuma ba sa ajiye su saboda tsada. Yarinyar da ke aiki a shagon sayar da abinci, wadda ba ta sanin ranakun aikinta sai mako ya kama, sai ta nemi izini ba biya, ta hau motar haya zuwa asibiti, a duba ta, a ce ta dawo bayan mako biyu in kayan sun iso. Da yawa ba sa komawa. Wadda ke kan ƙwaya kuma, in takardar likita ta ƙare a makon da kuɗin haya ya zo, sai a samu giɓin kwana goma, kuma giɓin kwana goma ya isa.

Gwaje-gwaje biyu ne suka fi shahara wajen cire wannan shinge. A birnin St. Louis, daga 2007 zuwa 2011, masu bincike na Jami'ar Washington sun bai wa mata 9,256 zaɓin kowace hanya kyauta, tare da bayani. Uku cikin huɗu suka zaɓi ashana ko roba. Waɗanda suka zaɓi ƙwaya da makamantanta sun ninka su kusan sau ashirin wajen ɗaukar cikin da ba su shirya ba, kuma abin ya fi tsanani ga 'yan ƙasa da shekara 21. Raunin wannan bincike shi ne matan da kansu suka kawo kansu, wato dama masu son kauce wa ciki ne.

Na jihar Kolorado ya fi faɗi. Daga 2009, da kuɗin wata gidauniya ta iyalan attajiri Warren Buffett, fiye da dala miliyan 20, asibitocin Title X na jihar suka fara sa ashana da roba kyauta ko a kan farashi kaɗan, suka horar da ma'aikata, suka ajiye kayan a hannu don a gama komai a zuwa ɗaya. Cikin shekara biyar zuwa shida an sa fiye da 30,000, haihuwar 'yan mata kuma ta faɗi da kusan rabi. Jaridu suka ɗauka suna yayatawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a daidai wannan lokaci haihuwar 'yan mata tana faɗuwa a kowace jiha ta Amurka, har waɗanda ba su yi komai ba. Da Jason Lindo da Analisa Packham suka kwatanta ƙananan hukumomin Kolorado da takwarorinsu na wasu jihohi, sai suka tarar abin da shirin kansa ya rage kusan kashi 6 cikin 100 ne, kuma ragin ya fi yawa a yankunan talakawa. Wani bincike na 2021, ƙarƙashin Amanda Stevenson, ya duba makaranta: yawan 'yan matan jihar da ke gama sakandare ya ƙaru da ɗan abin da bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, wato 'yan mata kusan 3,800. Ga kowace ɗaya daga cikinsu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga talaucin jiha guda kuwa, kaɗan ne.

Jihar Teksas ta yi gwajin ta ɗaya gefen, ba da niyyar bincike ba. A 2011 majalisarta ta zaftare kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin tsarin iyali, asibitoci fiye da 80 suka rufe. A 2013 kuma ta cire ƙungiyar Planned Parenthood, mai asibitocin tsarin iyali, daga shirin lafiyar mata marasa ƙarfi, saboda rigimar zubar da ciki. A ƙananan hukumomin da abin ya shafa, karɓar ashana da roba ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A cikin matan da ke karɓar allurar wata uku-uku, haihuwar da inshorar talakawa ta Medicaid ke biya ta ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Allura tana buƙatar komawa a kan lokaci, kuma in asibitin unguwa ya rufe, na gaba yana iya zama tafiyar awa guda. Kolorado da Teksas sun tabbatar da abu ɗaya: farashi da nisa suna canza yawan haihuwa.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ko haihuwar ce ke jawo talaucin. Alƙaluman farko suna nuna kamar haka ne: kusan rabin 'yan matan da suka haihu kafin shekara 20 ne kawai ke samun takardar sakandare kafin su kai 22, alhali a sauran tara cikin goma ne. Amma 'yan matan da ke haihuwa da wuri tun asali ba daidai suke da sauran ba. Mafi yawa daga gidajen talakawa suka fito, makarantunsu ba su da kyau, wasu ma sun riga sun bar makarantar kafin cikin ya shiga. A 1992 Arline Geronimus da Sanders Korenman suka kwatanta 'yan'uwa mata da suka tashi gida ɗaya, ɗaya ta haihu da ƙuruciya ɗaya ta jinkirta. Babban ɓangare na bambancin da ake gani ya zube. Daga baya Joseph Hotz da abokan aikinsa suka bi wata hanya mai wayo: suka kwatanta 'yan matan da suka haihu da waɗanda suka ɗauki ciki a shekaru iri ɗaya amma suka yi ɓari. Duka rukunin biyu sun yi ciki, ƙaddara ce kawai ta raba su. Bayan shekara goma, waɗanda suka yi ɓarin ba su fi waɗanda suka haihu samun kuɗi ba. An yi ta gardama a kan hanyoyin lissafin, wasu masanan sun sami illa ɗan fiye da haka, musamman a kan karatu, amma babu wanda ya sake dawo da tsohon girman. Melissa Kearney da Phillip Levine sun tattara wannan duka a 2012, suka yanke cewa haihuwar wuri ta fi zama alamar talauci a kan zama sanadinsa, kuma ta fi yawa a jihohin da tazarar mai kuɗi da talaka ta fi faɗi. Wanda ya ɗora laifin talaucin kacokan a kan cikin, ya bar jaki yana dukan taiki.

Bayanin da ya fi fito da dalilin daga bakin matan ya zo. Kathryn Edin da Maria Kefalas sun shafe shekaru suna hira da iyaye mata 162 marasa aure a unguwannin talakawa na Filadalfiya da Camden, farare da baƙaƙe da 'yan asalin Puerto Rico, suka fitar da littafi a 2005. Kusan dukkansu sun san maganin, sun san inda ake samun sa, da yawa ma sun yi amfani da shi a farkon soyayya sannan suka saki da tafiya ta yi nisa, domin ci gaba da amfani da kwaroron roba kan zama kamar zargin juna. Mafi yawan cikin ba a shirya shi ba, ba a kuma yi ƙoƙarin kauce masa ba. Matan ba su raina aure ba. Girmama shi ne ma ya sa suke jinkirta shi har sai an sami aiki tsayayye da gida da namijin da za a iya dogara da shi, abin da ya yi ƙaranci a unguwannin da masana'antu suka rufe, shaye-shaye da zaman kurkuku suka cinye samari. Haihuwa kuwa ba sa ganin dalilin jinkirta ta. 'Yar masu hali in ta haihu a shekara 19 ta yi asarar jami'a da aikin ofis. Wadda aikin da ke jiran ta a 19 shi ne dai wanda ke jiran ta a 27, asararta kaɗan ce, ɗa kuma yana ba ta matsayi da abin rayuwa dominsa. Da yawa sun ce zuwan yaron ne ya sa suka natsu. Ashana kyauta ba ta da abin cewa ga mace mai wannan lissafi.

Wannan ba ya rushe sakamakon Kolorado, domin mata iri biyu ake magana a kai. Akwai wadda ba ta son cikin ko kaɗan, kuɗi ko nisa ne suka hana ta kariya. Ita ce shirin ke ceto, ita ce kuma ke cikin waɗancan 3,800. Akwai kuma wadda zuciyarta ta rabu biyu. Inda maganin ya fi yin tasiri a fili shi ne ciki na biyu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ruwaito a 2013 cewa kusan ɗaya cikin biyar na haihuwar 'yan mata ba ta fari ba ce. Uwa mai ɗa ɗaya tana iya barin sa wurin kaka ta koma aji ko aiki; mai kwanika, da goyo a baya da ciki a gaba, da wuya. Shi ya sa a 2012 jihar Karolina ta Kudu ta fara biyan asibitoci kuɗin sa ashana ko roba tun mai jego ba ta bar gadon haihuwa ba, maimakon a jira ta dawo awon mako shida da yawancin marasa ƙarfi ba sa zuwa. Jihohi da yawa sun bi sahu.

Ɗaukar tsarin iyali a matsayin maganin talauci yana da mummunan tarihi a Amurka, kuma tarihin na cikin abin da ke sa wasu mata ɗari-ɗari da asibiti har yau. Jihar Karolina ta Arewa ta juya wa mutane kusan 7,600 mahaifa ko ta yi musu dandaƙa tsakanin 1929 da 1974, a shekarun ƙarshe yawancinsu baƙaƙen mata talakawa. A 1973, a birnin Montgomery na Alabama, wani asibiti da ke karɓar kuɗin tarayya ya juya mahaifar wasu 'yan'uwa biyu baƙaƙe, 'yar shekara 12 da 'yar 14, bayan uwarsu da ba ta iya karatu ba ta yi alama a takardar da ba ta san abin da ke cikinta ba. Da aka amince da ashanar Norplant a ƙarshen 1990, wata babbar jaridar Filadalfiya ta rubuta sharhi tana ba da shawarar a kwaɗaita wa matan da ke karɓar tallafi su sa ta don rage talaucin baƙar fata, har sai da ta nemi afuwa, 'yan majalisa a wasu jihohi kuma suka kawo ƙudurin biyan irin waɗannan mata kuɗi in sun yarda. Ashana da roba suna da wata siffa da ƙwaya ba ta da ita: mace ba ta iya daina su sai da hannun ma'aikacin lafiya. Shirin da ke sawa kyauta amma yake jan ƙafa wajen cirewa, ko yake auna nasararsa da yawan waɗanda aka sa wa, ya fara komawa gidan jiya ko da niyyarsa mai kyau ce.

Shingen kuɗi ya ragu sosai a 'yan shekarun nan. Dokar inshorar lafiya ta 2010 ta wajabta wa yawancin kamfanonin inshora biyan kuɗin tsarin iyali ba tare da mace ta ƙara ko sisi ba, daga 2012. A 2023 aka amince da ƙwayar Opill da ake saya ba takardar likita, a kan kusan dala 20 a wata. Saura jihohi kusan goma, ciki har da Teksas, da suka ƙi faɗaɗa Medicaid, inda mace marar ƙarfi kan sami inshora ne bayan ta ɗauki ciki. Duk da wannan ci gaba, da kuma faɗuwar haihuwar 'yan mata da kusan kashi huɗu cikin biyar tun 1991, gidan uwa ita kaɗai bai daina zama kan gaba a talauci ba.

Dalilin yana cikin abin da ke faruwa bayan an haihu. Amurka ba ta da dokar tarayya ta hutun haihuwa da albashi. Dokar 1993 mako goma sha biyu ta bayar ba biya, kuma ba ta shafi ƙananan wuraren aiki ba. Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, kuɗin gidan renon jariri kuwa a jihohi da yawa ya fi kuɗin makaranta na jami'ar gwamnati. Gyaran dokar tallafi na 1996, zamanin Bill Clinton, ya taƙaita tallafin kuɗi na tarayya zuwa shekara biyar a tsawon rayuwa, ya kuma ɗaura shi da sharaɗin aiki. Ƙasashe irin su Denmak suna da iyaye mata marasa miji da yawa, amma talaucinsu bai kusa da na Amurka ba, saboda hutun haihuwa da reno mai rahusa da kuɗin yara. David Brady da abokan aikinsa sun kwatanta ƙasashe masu arziki a 2017, suka lissafa cewa ko da a ce babu uwa marar miji ko ɗaya a Amurka, talaucin ƙasar kaɗan zai ragu, domin abin da ya bambanta ta da sauran shi ne tsananin wahalar da ke biyo bayan shiga wannan hali. Amurka ta gwada irin tallafin waɗancan ƙasashe a kanta na shekara guda: a 2021 aka faɗaɗa tallafin yara ana biyan iyaye wata-wata, talaucin yara ya sauko zuwa kashi 5.2 cikin 100, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa. Majalisa ba ta sabunta shirin ba, a 2022 ya koma 12.4.